Rayuwa a Bakin Dajin Gwamnati: Shaida Daga Upper Murray Bayan Gobara

Upper Murray yanki ne na tuddai da kwaruruka a arewa maso gabashin jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya, inda kogin Murray ya raba jihar da maƙwabciyarta New South Wales. Babban garin wurin shi ne Corryong, sai ƙananan garuruwa irin su Cudgewa da Walwa. Sana'ar mutane kiwo ce: shanun nama, shanun madara da tumaki. Gonakin suna shimfiɗe a cikin kwari, dajin gwamnati yana bisa tuddai ya yi musu zobe. Yawancin dajin bishiyar turare ce, wadda ake dasawa a ƙasar Hausa don tare iska, sai dai nan ne asalinta, kuma tsawonta yakan wuce mita 30. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar jihar nan a hannun gwamnati yake, don haka manoma da yawa babban maƙwabcinsu hukuma ce. Mu da muke cin abinci a waɗannan gonaki, masu su da ma'aikatansu, ga shaidarmu a kan abin da ya biyo bayan gobarar 2019 zuwa 2020, da dalilin da ya sa har yau in aka ambaci dokokin daji sai ka ga ran dattawan wurin ya ɓaci.

Shekarar 2019 ita ce mafi zafi kuma mafi ƙarancin ruwan sama tun da aka fara ajiye lissafi a Ostireliya, kuma a nan Disamba da Janairu su ne tsakiyar bazara. Ranar 29 ga Disamba tsawa ta tayar da wuta a hayin kogi, ɓangaren New South Wales. Washegari ta tsallako Murray. A ranar ne guguwar da wutar ta haifar ta kifar da motar kashe gobara kusa da ƙauyen Jingellic, wani ɗan sa kai ya rasa ransa. Cikin dare zuwa wayewar garin 31 ta ratsa Cudgewa ta isa bakin Corryong, sannan ranar 4 ga Janairu iska ta sake tashi, wutar ta koma kan abin da ta bari. Gandun dajin Burrowa-Pine Mountain ya ƙone kusan duka. A ƙasar baki ɗaya mutum 33 suka mutu a wannan bazara, gidaje sama da 3,000 suka ƙone, wuta ta ci fiye da hekta miliyan 24, sama da miliyan 1.5 daga ciki a Biktoriya.

Da gari ya waye, dabbobi ne aikin farko. Ana tara su inda akwai inuwa da ruwa, a duba su ɗaya bayan ɗaya, a kasa su huɗu: waɗanda za a harbe nan take don kada su ci gaba da shan azaba, waɗanda za su iya hawa mota a kai su mahauta cikin kwana ɗaya ko biyu, waɗanda za a yi jinya, da waɗanda suka tsira lafiya. Wanda bai san aikin ba gashin da ya babbake zai duba ya yanke hukunci, alhali ba nan matsalar take ba. Tunkiya mai cikakken ulu tana iya yin baƙi ƙirin amma fatarta lafiya lau, domin ulu yana tare zafi. Inda ake dubawa shi ne wuraren da ba gashi: fuska, leɓe, hammata, cikin cinya, hantsa, da ƙafa daga gwiwa zuwa ƙasa. Kofato ya fi komai yaudara. Saniya za ta tsaya da ƙafafunta tana cin abinci, amma in zoben naman da ke saman kofaton ya ƙone, bayan mako ɗaya zuwa kwana goma kofaton zai saɓule, daga nan kuma ba magani. Shi ya sa dubawa ɗaya ba ta isa, kullum ake yi har wajen mako biyu. Hayaƙi ma haka yake: dabbar da ta shaƙi iska mai zafi sai bayan kwana biyu ko uku take fara numfashi da ƙyar, majina tana zuba. Saniyar da kan nononta ya ƙone takan warke, amma ƙofar nonon ta toshe, sai ta haihu a gane ɗan maraƙi ba ya samun komai. Bijimi da rago kuwa sai likitan dabbobi ya gwada su kafin lokacin barbara, domin zafin da ya taɓa maraina yana kashe iri na watanni, wani sa'in har abada.

Ga wanda ya tashi inda ba a barin dabba ta mutu ba yanka, ganin ana harbe garke ana turawa rami abu ne mai nauyi ƙwarai. Amma hanya a rufe take, mahauta ba ta karɓar dabbar da ba ta iya tsayuwa, barinta da rai kuma zalunci ne. Ramin ma da lissafinsa: kimanin kubik mita 1.5 ga kowace saniya, 0.3 ga tunkiya. Ana haƙa shi nesa da rafi da rijiya, a tabbatar gindinsa bai kusa ruwan ƙarƙashin ƙasa ba. Ana huda tumbin kowace dabba don kada iska ta kumbura ta ta ɗaga ƙasar, a rufe da ƙasa mai kaurin mita 2, a yi tudu a kai saboda zai lotsa. Kafin a rufe sai an ɗauki hoto an rubuta lambar kunnen kowace saniya, in ba haka ba ranar da mai inshora ya zo ba hujja.

Sai ruwa. Bututun roba da ke kai ruwa kwami ya narke, tankin roba ya zama dunƙule, turakun lantarki sun ƙone don haka famfo ba ya aiki. Saniya mai shayarwa a irin wannan zafi tana shan har lita 100 a rana, wanda ke da shanu 200 yana neman lita 20,000 kafin faɗuwar rana. Masu shanun madara sun fi shiga uku. Saniyar da ta yi kwana biyu ba a tatse ta ba hantsarta takan kumbura ta kamu da ciwo. Mai janareto ya tatsa, amma tankar madara ba ta iya shigowa, sai a zubar. Tafkunan gona da suka tsira kuwa ruwan sama na farko ne ya lalata su. Tudun da ya ƙone ba abin da ke riƙe ƙasarsa, sai toka da gawayi da kashin dabbobi su gangaro cikin tafki, su ruɓe, su cinye iskar ruwan, ya yi baƙi ya yi wari, dabba ta ƙi sha. Maganinsa a riga ruwan sama: a kafa ƙaramin shinge na raga da buhu ko damin ciyawa a kan hanyar da ruwa ke bi zuwa tafkin, a jere biyu ko uku, a kuma kwashe abin da ya taso saman ruwa cikin kwana biyu kafin ya nutse. Akwai wani haɗarin da ba a cika sani ba. Turakun katako masu launin kore an jiƙa su da maganin gara mai ɗauke da gubar arsenik. In sun ƙone gubar tana zama cikin tokar, tokar kuma tana da ɗanɗanon gishiri, shanu su lasa su mutu. Dole a kwashe ta ko a killace wurin kafin a saki dabba.

Abinci ba a barin dabba ta nema da kanta a ƙonannen fili, ko da ɗan kore ya fara leƙowa. Kofato zai niƙe ƙasar, iska ta kwashe ta, tsiron da ya fito kuma a cinye shi kafin ya yi saiwa. Ana killace su a ƙaramin wuri, kimanin murabba'in mita 10 zuwa 15 ga saniya, 2 zuwa 5 ga tunkiya, a ciyar da su da hannu. Saniya mai kilo 500 tana cin ingirici kilo 10 zuwa 12 a rana. In za a ba da hatsi, da kaɗan-kaɗan ake farawa har mako biyu zuwa uku, don tumbin da bai saba ba yana tsami ya kashe dabba. Jerin motocin da suka kawo ingiricin taimako daga nesa sun ceci garke da yawa, Allah ya saka musu. Sai dai ingiricin wani yanki yana zuwa da irin ciyawar wani yanki, don haka a wuri ɗaya ake ba da shi, a sa wa wurin ido shekara biyu ko uku. Don a san ko makiyaya za ta farfaɗo, ana zaɓar murabba'in mita ɗaya a yi ta ba shi ruwa na mako biyu zuwa uku a ga abin da zai fito. Ciyawa mai zurfin saiwa kamar falaris takan dawo. Inda tarin ingirici ko gungume ya kwana yana ci, ƙasar ta mutu, sai an sake shuka.

Duk wannan wahala ce da manomi ya san tasa ce, ba ya ɗora wa kowa. Inda ɓacin ran yake farawa shi ne shinge.

Gonar da ba shinge ba gona ba ce, domin ba ka iya raba bijimi da karsana, ba ka iya hana garke hawa titi. Wayar da wuta ta ratsa ko tana tsaye ta gama aiki: rufin da ke hana ta tsatsa ya ƙone, ƙarfinta ya tafi, in ka ja ta sai ta tsinke, in ka bar ta cikin 'yan shekaru tsatsa ta cinye ta. Rabin aikin shi ne kwance tsohuwar waya da naɗe ta da tuge kututturan turaku. Sannan a kafa manyan turakun kusurwa da na ƙarshe tare da madogaransu, don su ne ke ɗaukar nauyin jan waya, in suka yi sako-sako duk layin ya zube. A tsakani ana kafa turakun ƙarfe kowane mita 4 zuwa 5, wato 200 zuwa 250 a kilomita ɗaya, a ja raga, a ɗora waya mai ƙaya ko ta lantarki a sama. A kan tudu mai duwatsu inda tarakta ba ta hawa, a kafaɗa ake ɗaukar kayan. A lokacin, kilomita ɗaya da kaya da ƙwadago yakan kai dalar Ostireliya 10,000 zuwa 15,000, matsakaiciyar gona kuma tana da kilomita gommai. Tallafin da aka ba manoma, har dala 75,000, ya taimaka, amma kowa ya iya lissafi ya san kilomita nawa zai yi, ga rumbun ciyawa da bututu da garke suna jira. Masu sa kai na ƙungiyar gyaran shinge ta BlazeAid, wadda Kevin da Rhonda Butler suka kafa bayan gobarar 2009, sun yi aikin da ba a mantawa, har annobar korona ta zo a Maris 2020 ta rage su.

To, ga dokar. Dokar shinge ta jihar, ta 1968, ta ce maƙwabta biyu su raba kuɗin shingen iyaka daidai wa daida. Amma dokar ba ta hau kan ƙasar gwamnati ba. In maƙwabcinka mutum ne, rabi nasa rabi naka, in ya ƙi akwai kotu. In maƙwabcinka gandun daji ne, ba abin da doka ta wajabta masa. Abin da ake da shi tsari ne na alfarma: in gobara ta cinye shingen da ke tsakanin gona da gandun daji, gwamnati tana biyan rabin kuɗin kaya. Kaya kawai. Ƙwadago, wanda a kan tudu yakan kai kuɗin kayan ko ya fi, naka ne. Shingen cikin gona naka ne. Idan katafilar masu kashe gobara ce ta yanke shinge, wannan suna gyarawa duka, ruwan da suka ɗiba a tafkinka ma suna mayarwa in na buƙatar gida da dabbobi ne, kuma gaskiya ne a faɗa. A New South Wales an ba da har dala 5,000 a kowane kilomita na iyaka da ƙasar gwamnati. Can ma tallafi ne na lokaci ɗaya, dokarsu ta 1991 ita ma ta keɓe gwamnati. Manomi yana tsaye yana kallon tudun da wutar ta gangaro daga kansa, an ce masa mai tudun zai taimaka da rabin waya, don kirki.

An kafa sabon shinge, sai bishiya. Turaren da ya ƙone ba ya faɗuwa ranar gobara. Wuta tana shiga kogonsa ta yi makonni tana ci, tana bin saiwa a ƙarƙashin ƙasa, sai bayan wata uku ko shekara ya faɗi, ba iska ba komai. Dokar tsare-tsaren jihar ta yarda a share ciyayi a bakin shingen iyaka ba tare da izini ba, amma faɗin mita 4 ne jimilla, in an haɗa ɓangarorin biyu, kuma ɓangaren daji ba ka taɓawa sai da amincewar hukuma. Bishiya mai mita 30 tana tsaye mita 10 daga shinge, a cikin ƙasar gwamnati, ta karkato. Kowa ya san inda za ta faɗa. Ranar da ta faɗa ta murƙushe raga, ta tsinke waya, shanu su shige daji, gyaran kuma na manomi ne, domin tsarin rabin kuɗin nan na ɓarnar gobara ne. Ko a cikin gonarka, busasshiyar bishiya ta asalin ƙasar da ke tsaye, in kaurin gindinta ya kai santimita 40 a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, sai da takardar izini za ka sare ta, izinin kuma yakan zo da sharaɗin biyan diyyar ciyayi a wani wuri. An yi sassauci ga bishiyar da ke barazana ta nan take ga rai ko dukiya, amma iya ɓangaren da ke da haɗarin, kuma in an yi gardama kai ne za ka kawo hujja. Dalilin dokar ba wasa ba ne. Kogon tsohuwar bishiya gidan tsuntsaye ne da ƙananan dabbobi, yana ɗaukar shekara ɗari ko fiye kafin ya samu, bayan gobara kuma ya yi ƙaranci. Ba mu ƙi wannan ba. Abin da muka ƙi shi ne ma'auni ɗaya na mita 4 ga fili mai gajeren itace da kuma daji mai dogayen bishiyoyi.

Tsoron tara kuwa yana da tushe. Kowa a nan ya san labarin wani iyali na ƙauyen Reedy Creek da aka ci tarar dala 50,000 saboda sun sare bishiyoyin da ke kewaye da gidansu, sai gobarar 7 ga Fabrairu 2009 ta zo, wadda ta kashe mutum 173, gidansu ya tsira na maƙwabta suka ƙone. Bayan wannan gobarar ne aka fito da ƙa'idar share komai cikin mita 10 daga gida, da share ƙananan ciyayi har mita 30, ko 50 a wuraren da suka fi haɗari. Sai da aka yi asarar rayuka kafin a ba mutum damar gyara bakin ƙofarsa.

Ta ɓangaren manomi kuwa doka ba ta da sassauci. Kafin bazara ma'aikacin ƙaramar hukuma yana zagayawa, in ya ga ciyawa ta yi tsawo ya aiko da takardar umarni a yanke ta cikin 'yan kwanaki. In ba ka yi ba a ci ka tara, a turo mai yanka, a kawo maka takardar kuɗi. In lokacin haɗarin gobara ya shiga ba ka kunna wuta a gonarka sai da izini. Dokar kare ƙasa ta 1994 ta ɗora wa mai gona yaƙi da muguwar ciyawa da zomaye da yanyawa. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Ana shafawa kowace shekara, da tarakta da maganin feshi da kuɗin aljihu. Amma ka leƙa bayan waya. Bayan gobara aka yi shekara uku a jere ana ruwa mai yawa, daga 2020 zuwa 2022. Dajin da ya buɗe ya cika da matasan bishiyoyi masu kauri da suka fi mutum tsawo, tare da sarƙaƙiyar blackberry mai ƙaya, wadda tsuntsaye da yanyawa ke cin 'ya'yanta su zubar da irin a gona. Ka fesa naka ɓangaren, baɗi ta dawo daga nasu. Akwai shirin kyautata maƙwabtaka da hukuma ke yi don feshi a bakin iyaka, amma kuɗinsa bai kai tsawon iyakar ba.

Dabbobin daji ma da yunwa suka fito, sabon tsiron gona shi ne abinci mafi kusa. Barewar sambar, wadda aka shigo da ita daga Asiya, tana tsallake shinge ko ta karya shi. Tun 2013 an yarda manomi ya harbe ta a cikin gonarsa, amma a cikin daji dokar namun daji ta 1975 tana lissafa ta cikin naman farauta mai kariya, can take hayayyafa. Kangaru da wombat, mai tona rami a ƙarƙashin raga, ba ka taɓa su sai da takardar izini mai adadi. Karnukan daji kuwa an yarda a yi maganinsu har kilomita 3 cikin dajin gwamnati a gabashin jihar, amma izini ne mai wa'adi da ake sabuntawa, mai tumaki kullum yana zullumin ranar da za a janye shi, kamar yadda aka janye a arewa maso yammacin jihar a 2024. Ko itacen da ya faɗi a daji ba ka ɗiba sai a wuraren da aka ware, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni, da 1 ga Satumba zuwa 30 ga Nuwamba, kubik mita 2 ga mutum a rana, 16 ga gida a shekara.

Babbar gardama ita ce ƙunar rigakafi, wato a sa wa daji wuta mai sanyi a watannin Maris zuwa Mayu don a rage abin da wutar bazara za ta ci. Abin da ke tafiyar da gobara ba gungume ba ne, ƙananan abubuwa ne da kaurinsu bai kai milimita 6 ba: busasshen ganye, ƙirare, ɓawo, ciyawa. Su ke taruwa shekara bayan shekara. Maganar ba sabuwa ba ce. Alƙali Leonard Stretton ya yi ta bayan gobarar 13 ga Janairu 1939 da ta kashe mutum 71. Dokar gandun daji ta 1958 ta ɗora wa hukuma yin isasshen aikin rigakafin gobara a dajinta. Hukumar binciken gobarar 2009 ta ba da shawarar a riƙa ƙona aƙalla kashi 5 cikin 100 na ƙasar gwamnati kowace shekara. Ba a taɓa cim ma wannan adadi ba. A 2016 aka sauya shi da wani ma'auni: a riƙe haɗari a kashi 70 cikin 100 na abin da zai kasance in ba a yi komai ba. Tsohon ma'aunin yana da aibi, domin ana iya ƙona fili mai faɗi a inda ba kowa don a cika lissafi. Sabon kuma kwamfuta ce ke auna shi da yawan gidajen da wuta za ta iya ci. Kwarin da ke da gida goma da shanu dubbai da shinge mai tsawo ba shi da nauyi a wannan sikeli, sai aikin ya karkata zuwa bakin manyan garuruwa.

Wajibi ne mu faɗi abin da wasu daga cikinmu ba sa son ji. A rana irin ta 30 ga Disamba, ƙunar rigakafi ba ta tsayar da wuta. Ɓawon turare yana tashi da wuta a jikinsa iska ta kai shi gaba, a 2009 an ga ya kunna sabuwar wuta a nisan fiye da kilomita 30. Gudun wuta yana ninkawa a kowane digiri 10 na hawan tudu. Amfanin ƙuna kuma 'yan shekaru ne, ganye ya sake taruwa. Kwanakin da suka dace da ƙuna sun ragu, ko daji ya jiƙe ya ƙi kamawa, ko ya bushe ya fi ƙarfin masu riƙe shi. A Oktoba 2015 wata ƙunar rigakafi ta kuɓuce kusa da garin Lancefield ta cinye gidaje huɗu, ma'aikacin da ya ga haka dole ya yi ɗari-ɗari. Masu gonar inabi ba sa son hayaƙi lokacin girbi, masu ciwon ƙirji ma haka. Batun kiwo a kan manyan tsaunuka, wanda aka hana a gandun dajin Alpine a 2005, shi ma ba kamar yadda ake faɗa a kasuwar shanu yake ba. Binciken da aka yi bayan gobarar 2003 bai ga bambancin a zo a gani tsakanin inda aka yi kiwo da inda ba a yi ba, domin a can ƙananan itatuwa ne ke ɗaukar wuta, saniya kuma ciyawa take ci.

Amma ba kowace rana ce 30 ga Disamba ba. Yawancin gobara tana farawa ne da bishiya ɗaya da tsawa ta faɗa wa, tana hayaƙi a kan tudu kwana ɗaya ko biyu kafin iska ta zo. A wannan tazara ake cin nasara ko a faɗi. Abin da ke yanke hukunci shi ne ko akwai hanyar da mota za ta hau, ko an share ta daga bishiyoyin da suka faɗi, ko ƙofar a buɗe take, ko ƙasan dajin ya yi sauƙin da mutum zai iya tsayawa kusa da wuta da dare ya yi aiki. A nan ƙunar shekara biyu ko uku da suka wuce take biyan kuɗinta. A gefen titi da bakin iyaka kuma, inda ciyawa ce abincin wuta, kiwo na ɗan lokaci yana rage ta sarai, sai dai shi ma da izini da inshora da alamun hanya, har mutum ya haƙura. Waɗanda ke hawa motocin kashe gobara na ƙauye su ne manoman nan da 'ya'yansu, ba albashi. Kusan kowace gona tana da tankin ruwa da famfo a bayan a-kori-kura. Sun san inda iska ke juyawa da yamma, sun san tsohuwar hanyar masu katako da ba ta cikin taswira. Amma mai shekara sittin a kwari ba shi da ikon kunna ashana taku ɗaya a bayan shingensa, ko a watan Afrilu da raɓa a ƙasa, sai an sa wurin cikin jadawalin da aka tsara a ofis mai nisa, jadawalin kuma ana ɗage shi daga shekara zuwa shekara. Da aka daina saran katako a dajin jihar ranar 1 ga Janairu 2024, wata damuwar ta ƙaru, domin masu katafila da suka saba aiki a kan tudu su ne ake kira su yanka layin tare wuta. An riƙe wasunsu da kwangila, muna fata a ci gaba da riƙe su. 'Yan asalin ƙasar, waɗanda suka yi dubban shekaru suna sa ƙaramar wuta a kan kari, su ma sai a 2019 jihar ta fito da tsarin dawo da iliminsu, kuma takardun da ke ɗaure mu suna ɗaure su.

Ma'aikatan dajin da ke zaune a cikinmu ba abokan gaba ba ne. Sun kwana a bakin wuta tare da mu, wasunsu gidajensu sun ƙone. Sau da yawa mutum zai zo ya dubi bishiyar ya yarda haɗari ce, amma sa hannun ba nasa ba ne.

Abin da manoman iyaka ke nema bai kai girman hayaniyar da ake yi a kansa ba. A sa gwamnati cikin dokar shinge kamar kowane maƙwabci, rabin kaya da rabin ƙwadago, har da ɓarnar bishiyar da ta faɗo daga ɓangarenta bayan gobara. A auna faɗin sharar bakin shinge da tsawon bishiyoyin wurin. New South Wales ta ba da damar mita 25 a 2021, amma a cikin ƙasar manomi kawai, wanda bai taɓa bishiyar da ke tsaye a hayin waya ba. A ba ma'aikacin yanki ikon ya zo cikin makonni, ya shafa fenti a bishiyoyin da za a sare da masu kogon da za a bari, ya sa hannu a wurin. A ware zirin daji na bakin gonaki a riƙa ƙona shi tare, hukuma da motocin ƙauye da masu gona, a faɗi shekarar da za a yi kowane ɓangare, in an ɗage a faɗi dalili. A share hanyoyin tudu kafin Nuwamba, a ba shugaban masu kashe gobara na kowane ƙauye mabuɗin ƙofofin. Feshin blackberry kuma a yi shi ɓangare biyu a mako ɗaya, tsakanin Disamba da Maris lokacin da take da ganye tana shan magani, a maimaita shekara uku a jere, domin feshi ɗaya ba ya kashe saiwarta.